Kakin da na ɗinka wa 'yata

A shekararmu ta uku a Greensboro, 'yata ta fari tana aji biyar, malamarsu ta raba musu mutanen tarihi. Kowane yaro zai yi shigar mutuminsa, ya tsaya gaban iyaye ya ba da labarin rayuwarsa kamar shi ne. Ita aka ba ta wani Baturen Ingila, hafsan soja. Ta ce mini ya taɓa zuwa yaƙi a gefen garin nan, inda yanzu mutane ke yawo da karnukansu, daga baya ya koma gida ya tsaya zaɓe, ya daɗe a majalisa.

Yarinyar ba ta da baki cikin mutane. Ko baƙi muka yi, ɗaki take shigewa. Ga shi an ce da wannan tsayuwar za a ba ta maki.

Ni yaƙi da jahilci na yi a Maraɗi. Hausa ina karantawa, Turanci kuwa sai gaisuwa da tambayar bas. Kullum bayan la'asar takan tsaya a kicin tana maimaita jawabin, ni ina gyaɗa kai, ban san inda ta yi daidai ba, ban san inda ta kuskure ba. Abin da na iya ɗinki ne, sai na ce ta kawo mini hotonsa. Ta kawo fotokwafi baƙi da fari, mutum mai dogon hanci da kwat mai jerin maɓallai. Na je kantin yadi a High Point Road na sayo kaki, don duk sojan da na taɓa gani kaki ne a jikinsa. Kwana huɗu ina kan keke. Da ta gwada, ta daɗe tana kallon madubi, ta ce ya yi kyau.

Ranar taron na zauna a layi na biyu. Yara uku aka ba sojan Ingila. Biyun suka fito cikin ja wur, tawa ta fito cikin kaki. Wata mata kusa da ni ta rufe baki, yaran gaba suka fara ƙus-ƙus. 'Yata ta soma magana. Ta wuce wajen yaƙin, ta zo wajen majalisa, sai ta tsaya. Ta dube ni. Na ji jawabin nan ya fi a ƙirga, amma ko kalma ɗaya ba zan iya miƙa mata ba. Murmushi kawai na yi mata. Can malamar ta dafa kafaɗarta ta ce ta je ta zauna.

Muna jiran bas ta biyu a tashar cikin gari na tambayi 'yata ko dama ta san kwat ɗin mutumin ja ne. Ita da kullum da Turanci take amsa mini, ranar da Hausa ta amsa.

"Na sani, Mama. Na ga kin riga kin yanka."

Malamar ta yarda ta sake yi ranar Litinin, su biyu kaɗai a aji. Na ce zan nemo jan yadi kafin lokacin. Ta ce in bari, wannan karon ba a bukatar kaya.