Saurayin da Yake Sauya Hula

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran maigidana, Malam Bukar, wanda mutane daga Danchuwa har Gadaka suka fi sani da Mai Kula, saboda kular ƙanƙarar da yake ɗaurewa a bayan babur ya bi gidaje yana yi wa kaji rigakafi. Allah ya jiƙansa da rahama. Na daɗe ina son in yi rubutu a kansa, amma abin da ya same ni bana ne ya sa na ɗauki biro.

Iyayena Kanawa ne 'yan kasuwa, a nan Potiskum suka haife ni, na kuma tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi. Na zaci mijina zai zo da turare da daɗaɗan kalamai, ya kalli cikin idona har ya manta da kansa. Sai Allah ya haɗa ni da ɗan unguwar Bolewa mai ƙamshin dusa, wanda idon da ya fi kallo shi ne na ɗan tsako idan zai ɗiga masa magani. Hausarsa ma ba ta raba mace da namiji. Ranar da ya fara bayyana mini zuciyarsa, cewa ya yi, "Hauwa, kai nake so." Na yi dariya har da hawaye, na kuma amince.

Da ya lura komai sai an sa mini shi cikin labari nake ganewa, sai ya mayar mini da cutar kaji labari. Akwai wata mura da take kama su, su yi ta atishawa da gurnani a maƙogwaro, ƙwai ya ragu, wanda aka samu ma ya fito a yamutse. Ya ce, "Wannan mura saurayi ne da aka kora. Rigakafi shi ne ka nuna wa mutanen gida kamanninsa, su hana shi zaure. Amma ba ya haƙura. Zai je ya sauya hula, ya aske gemu, ya dawo. In ba ka nuna musu sabon kamanninsa ba, tabarma za su shimfiɗa masa."

A lokacin na ɗauka raha ce kawai. Na riƙe labarin don ya yi mini daɗi, kamar yadda na riƙe sauran halayensa: ba ya buɗe kula a rana, ba ya dama magani sai da ruwan rijiya, ba ya yi wa kaza marar lafiya rigakafi ko da mai ita zai yi fushi.

Bana da damina saurayin ya iso gidana. Kajin ƙwan da ke ɗakin da Malam ya gina da hannunsa, waɗanda da su nake ciyar da 'ya'yanmu tun rasuwarsa, suka fara atishawa, alhali ban tsallake musu rigakafi ko ɗaya ba. Na fasa ƙwai na ga farinsa ya tsinke kamar ruwa. Maƙwabciyata Ya Fanna ta leƙo ta katanga ta ce, "Hauwa, ki sayar da su tun suna numfashi ki rufe ɗakin nan. Maganin nan ya daina ci, wahalar banza kike yi." Yayana ma har ya turo mini dillali.

Na tsaya a bakin ɗakin ina jin gurnaninsu. Idan na sayar, na rufe abin da Malam ya bar mana, na kuma aika cutar gidajen mutane a cikin keji. Sai na ji bakina yana cewa, "Ya Fanna, ba maganin ne ya lalace ba, hula ya sauya." Ta ce, "Wa?" Na ce, "Wani tsohon saurayi." Ta riƙe baki ta sauka daga katanga, ta tabbata littattafai sun gama da kaina.

Na sallami dillali na kira likitar dabbobi, wata matashiya mai suna Dakta Maryam. Ta hana kowa shiga ɗakin, ta ɗauki samfuri ta aika ɗakin gwaji. Da sakamako ya dawo ta ce ƙwayar cutar wani nau'i ne da rigakafin da muka saba ba ya tare shi sosai. Na ba ta labarin hula, ta yi dariya ta ce a makaranta ma haka aka koya musu, sai dai ba da daɗi haka ba. Na rasa wasu kajin, wasu kuma ba su koma yin ƙwai kamar dā ba. Amma ɗakin bai rufu ba. Sabbin tsakin da na zuba an haɗa musu rigakafi iri biyu, kuma mu matan layinmu muka yi wa namu rana ɗaya, har da Ya Fanna. Ina gode wa Dakta, ina gode musu.

Nakan tambayi kaina, da Malam zai ga yau, me zai ce? Na san zai yi murna da firij mai aiki da hasken rana, shi da ya sha zagaya gari neman ƙanƙara. Na kuma san ransa zai ɓaci idan ya ga yadda kiret ɗin ƙwai yake yawo daga kasuwa zuwa gida zuwa wani gidan ba mai tsabtace shi, don a ciki saurayin yake samun abin hawa.

Kwanan baya wata mata daga Gadaka ta zo sayen ƙwai, muna hira ta ce, "Yaya, kin san cutar nan kamar saurayi ce mai sauya hula? Likita ce ta faɗa mana." Ba ta san a gidan wa take ba. Na ƙara mata ƙwai gyara, na juya don kada ta ga idona.

Malam bai bar mini wasiƙar soyayya ko ɗaya ba. Ya bar mini ɗaki mai rai, da labarin da ya tsare shi, wanda yanzu yake yawo a bakin mutanen da ba su taɓa ganinsa ba. Ni kuwa, duk da Hausata ta Kanawa, maganarsa nake mayar masa ba tare da na gyara ko harafi ɗaya ba: Malam, kai nake so.