Turmin Inna da hannuna na dama

Don Allah a cikinku wa ya taɓa jin kwamfuta ta sa mutum ciwo? Ni dai wallahi ban taɓa ji ba sai da ta kwantar da ni.

Wata huɗu ba ku gan ni a nan ba. Masu cewa na samu kuɗi na manta da mutane, ku yi haƙuri, jinya na yi. Rubutuna ma ku yi haƙuri da shi, ban yi nisa a boko ba.

Daga ƙauyenmu na zo Anka neman haƙar zinari, ban samu rami ba, sai na kama aiki wurin wani mai sayen gwangwan, wato tsofaffin ƙarafa da tarkace. Wata rana aka sauke mana tsofaffin talabijin na kwamfuta, masu ƙaton ƙeyar nan. Aikina in fasa, in cire jan ƙarfe.

Sai wani lebura ya ce ai akwai zinari a cikinsu. To ni a garin nan na ga yadda ake fitar da zinari: a daka dutse, a wanke. Na ce ashe haka za a yi. Na riƙa kwaso gilashin da koren allon ciki ina kai wa ɗakina.

Tsohuwar da ta ba ni ɗaki, Inna, tana da wani turmi a bayan rumbu. Na ara, ban gaya mata na mene ne ba. Ina dakawa, ƙura na tashi, in karkaɗe hannu in ci tuwo.

Zinari ko ƙwaya ban gani ba.

Da ciwon ciki ya fara, kamar ana murɗa mini hanji. Kwana biyar ban zaga ba. Bakina ɗanɗanon ƙarfe. Na sha jiƙo, na sha maganin shawara, shiru.

Ran nan na zo alwala, buta ta suɓuce. Na ɗauka, ta sake faɗuwa. Hannuna na dama ya lanƙwashe daga wuyan hannu, ya ƙi ɗagowa. Ni da ba ni da komai a duniya sai hannun nan.

Inna ta taho ta kama mini haɓa. "Buɗe bakinka in gani." Ta daɗe tana duban dasashina. "Ɗan nan, mi kaka dakawa cikin turmina?"

Na nuna mata. Ta zauna a ƙasa.

"Jikokina biyu munka rufe a ƙauyen Dareta saboda daka irin wanga, na dutsen zinari. Tashi. Yanzu."

A kan mashin aka kai ni asibiti, Inna a bayana tana riƙe da ni. Aka ɗebi jini. Likita ya nuna mini wata lamba, ban gane ba, amma na ga fuskarsa.

"Wane rami kake aiki?"

Na ce ban taɓa shiga rami ba, ranka ya daɗe, kwamfuta nake fasawa.

Ya ce gubar dalma ce. Wai gilashin tsofaffin nan cike yake da ita. Wai a ƙasashen da ake ƙera su an sa doka, an rage yawan da za a sa a sababbi, tsofaffin kuma su ne ke ƙarewa a hannun irinmu.

Na ce hannun zai dawo?

"Ba zan yi maka alkawari ba, samari."

Maganar nan ta fi ciwon cikin zafi.

Aka sa ni kan wasu ƙwayoyi masu warin ruɓaɓɓen ƙwai. In gama zagaye ɗaya, a ɗebi jini, a ce saura. Maganin ban biya ba, amma kuɗin mashin da abinci sai da na sayar da rediyona. Kullum da safe in kalli hannun in ce ɗago. Ba ya ji.

Ma'aikatan lafiya suka je gidan, suka kankare ƙasar ɗakina, suka tafi da turmin. Aka auna Inna, nata da sauƙi. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Ci tuwonka, sakarai. Da hagu ma ana ci."

A wata na uku babban yatsa ya motsa. Na ƙwala wa Inna kira har maƙwabta suka fito.

Yanzu ina riƙe buta. Ƙarfin bai gama dawowa ba, amma da hannun nake wannan rubutu. Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitocin nan, ya saka wa Inna da Aljanna.

'Yan'uwana masu gwangwan, kada ku daka gilashin nan, kada ku ƙona allon ciki, kada ku kai su inda ake kwana ko girki. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku ci abinci. In ciki ya murɗa ya ƙi jin magani, ku ce a auna muku dalma, ko ba ku taɓa ganin rami ba.

Bari in tafi, yau kasuwar Bukkuyum ke ci. Sabon turmi zan sayo wa Inna. Ta ce a ɗora wa mai mashin, na ce a'a, ni zan shigo da shi gidan da hannuna biyu.