Muryar Taubashiyata a Gida Uku

Abin da zan faɗa ya faru shekarar da anka rufe gadar kan iyaka, lokacin da manyan motoci sunka jeru tun daga bakin duwan, wurin 'yan kwastan, har hanyar Gene, mu kuwa muna ƙetarawa Gaya cikin jirgin katako kamar zamanin kakanninmu. Damina biyu ke nan bayan ruwan da ya ci shinkafar Garu, kuma ba a cika shekara da rasuwar taubashiyata ba. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba, amma shekara ba ta ɓace mini. Ina faɗa ne ɗiyata tana rubutawa, kuma na gaya mata in ta gyara mini magana zan gane.

Taubashiyar nan ɗiyar kawuna ce, a Garu ta yi aure. Tare munka tashi, tare munka yi fataucin albasa a kasuwar Malanbil har ƙafafunmu sunka gaji. Ni ce mai ba da labari, duk unguwa ta sani. Ita kuwa aikinta ƙaryata ni. In na ce kada ya kama mutum a mashaya, sai ta ce akuya ce, kuma gurguwa.

Ɗiyata malamar lakwal ce, ita ma furfura ta fara fito mata. Ta sayo wani allon gilashi mai araha a kasuwa. Ana buɗe shi kamar akwati a rubuta da yatsu, in an lanƙwasa rabinsa baya kuma sai shi koma allo a riƙe a hannu. Rani guda cur, duk ranar da taubashiyata ta zo cin kasuwa, sai ɗiyata ta girka shi gabanmu ƙarƙashin dogon yaro bayan la'asar, yana ɗaukar maganarmu. Ban ɗauki abin da muhimmanci ba. Sai da anka rufe taubashiyata na gane cewa duk duniya babu inda muryarta ta rage sai cikin allon nan.

Ban nemi in ji ta ba a watannin farko. Sanin tana ciki ya ishe ni. To, sai allon ya fara nauyi. A taɓa shi, shi yi ta tunani kamar jakin da anka yi wa lodi biyu. Kullum yana cewa cikinsa ya cika. Mai gyara a kasuwa ya duba ya ce a jefar, waɗanda sunka ƙera shi sun daina kula da irinsa.

Ɗiyata ta dawo ta ce akwai dabara. Wai abin da ke tafiyar da allon daga ciki shi ne ya fi ƙarfinsa. Akwai wani marar nauyi, Linuks, wanda mutane daga ƙasashe da yawa sunka haɗu sunka gina kamar yadda ake gayya a gona. Ba na kowa ba ne, kowa na iya ɗauka, kowa na iya gyarawa.

Na ce, "Kyauta? Ke, tun da nike ban ga abin kyauta da ba shi da ƙugiya ba."

Ta ce, "Inna, ƙugiyar ɗaya ce. Sai an share duk abin da ke ciki kafin a zuba sabon."

"Har da ita?"

"Zan fid da ita tukuna." Ta nuna mini wani ɗan ƙarfe da bai kai ɗan yatsana ba, wanda suke ce wa kile. Wai maganar rani guda za ta shiga nan, har da sauran wuri.

Na juya shi a tafina. Abin da kaza za ta iya haɗiyewa! Na ce ban yarda ba, sai in za a yi yadda ake yi da iri. Uwata, Allah shi jiƙan ta, in ta sussuke irin albasa, ƙulli uku take yi cikin tsumma. Ɗaya a ɗakinta, ɗaya gidan wanta a Garu, ɗaya ƙetaren gulbi. Ruwa da gobara da ɓera ba su ziyartar gida uku rana ɗaya. Wanda nasa ya salwanta shi je shi ɗiba, ba a hana iri. Ɗiyata ta yi dariya, ta ce masu gayyar nan ma haka suke koyarwa. Na ce to sun sami tarbiyya.

Kile uku ta saya. Na ƙulle kowane da hannuna. Ɗaya na sa a ƙasan kwalla, ɗaya na ba ƙanen taubashiyata a Garu, na ukun ni da kaina na shiga jirgi na kai wa ƙanwata a Gaya, yana cikin lalitata. Sai da na dawo na ce a share.

Da hantsi anka yi aikin. Fuskar allon ta yi baƙi, farin rubutu yana gudu a kai kamar tururuwa. Da ya farka, sai komi ya fito a kishingiɗe, dole ka karya wuya ka duba. Wannan ɗiyata ta gyara shi kafin azahar. Idonsa na ɗaukar hoto bai sake buɗewa ba har yau, kuma ban yi kewarsa ba. Amma sauri kam, ya zama kamar maraƙin da anka kwance. Ta ɗauko kilen kwalla, ta mai da muryar ciki, ta taɓa.

Shiru. Wani ɗan zare yana tafiya a gilashin, alamar ana magana, amma ba abin da ke fitowa.

A nan na ga kuskurena. Uwata ba ta ƙulle iri sai ta zuba 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma ta ga sun tsira. Ni na yi ƙulli uku, na biya jirgi, ban ce a jiyar da ni ko kalma ɗaya daga cikinsu ba. Munka kai kilen wurin maƙwabci mai rediyon da ke karɓar irinsa. Shi ma shiru. Ɗiyata ta ce rediyon ne bai san irin wannan ɗauka ba, muryar tana nan, bakin allon ne kawai bai saba da sabon tsarin ba.

Na ce, "Ke kin ji ta?"

Ta ce, "A'a, Inna."

"To kar ki ce mini tana nan."

Kwana biyar ban ba kowa labari ba. Ban yi wa ɗiyata faɗa ba, don ni na ce a share. Ita kuwa ta rubuta wa masu gayyar, ta faɗi irin allon da abin da ya same shi. Na ce wa zai bar aikinsa don tsohuwar Malanbil? Rana ta shida wani ya amsa, daga ƙasar da ko ita ba ta tabbatar ba. Shi ma talaka ne ga alama, don irin allon nan gare shi, kuma nasa ma ya taɓa bebancewa. Ya aiko da 'yan layuka, ya ce a rubuta su daidai, a kashe a kunna.

Ina zaune ina tsince shinkafa a faifai, na ba ɗiyata baya tana rubuta layukan nan a allon, sai na ji daga kan tabarma:

"Ƙarya kike, baiwata! Ranar nan ke kina gida kina jinyar ƙafa, ni ce na je!"

Kafin in san abin da nike yi na riga na juya na ce, "Uwar wa ke jinyar ƙafa?" Ɗiyata ta kife fuska a cinya, ban sani ba ko dariya take ko kuka. Shinkafa ta zube, kaji sunka samu.

Mun saurara har inuwa ta juya. Abin da ban zata ba, ba mu biyu kaɗai allon ya ɗauka ba. Bayan maganarmu ana jin sakan maƙwabciyata, ana jin tarin maigidana daga zaure, da kiran sallar ladanin unguwa, da wata mai fura da ke leƙowa ta yi sallama. Maigidana ya riga taubashiyata tafiya da wata huɗu. Mai furar ta bi su bara. Ladanin yana nan, sai dai muryar ta dushe, wani ke kiran yanzu. Maƙwabciyata tana nan, ido ya tafi amma kunne garau, ranar Juma'a nakan sa a kai mata allon ta ji taɓaryarta. Sai ni.