Ƙwabrin Kawu Kabtin

Duk wanda ya san Kawu Isiyaku, wanda muke ce wa Kabtin, ya san ba ya duban fuskar mutum in ana gaisawa. Ƙafa yake duba. Za ka same shi a inuwar rakuba, wato rumfar kara, bisa angarib ɗinsa na saƙar igiya, ya naɗe wando har gwiwa, kwalbar man riɗi a gefe, yana murza ƙwabrinsa. Ka yi sallama, ya amsa wa ƙafarka. In ya gama nazari sai ya girgiza kai ya ce, "Ya zol, bawan Allah, wannan ƙwabri naka rake ne. Allah ya raba ka da bakin kujera." Limami ma bai tsira ba. In kuwa ka tambaye shi nasa, sai ya ƙwanƙwasa ƙashin da yatsa kamar mai sayen kankana, ya saurara, ya ce, "Bai nuna ba tukuna."

Yaran yanzu sun ɗauka haka aka haife shi. A'a, abin yana da asali. Yana saurayi ya tafi birnin Madani cin rani, yana dako a kasuwa. Can ya shiga wani nadi, wato kulob, inda samari ke koyon damben da ake haɗawa da shuri. Bayan wata uku aka haɗa shi da wani dogon makaniki, Babikir. Kawu ya kai shuri da dukan ƙarfinsa, Babikir ya ɗaga ƙafa ya tare, ƙashi ya gamu da ƙashi. Kawu ya zauna a ƙasa ya ce, "Wayyo Inna!" Ba mai jin Hausa a wurin, amma kowa ya gane. Ya dawo ƙauyenmu na nan kusa da Abu Na'ama da ɗingishi, ya rantse sai ya koma ya karya ƙafar Babikir ranar da ƙwabrinsa ya nuna. Shekara talatin da wani abu yana jiran ranar.

Kada a ce hauka yake yi babu tsari. Yana da tsari fiye da na ofishin noma. Ya fara da buhun auduga rataye a reshen darbejiya, shekara guda. Sannan buhun dusa. Sannan dusa gauraye da yashi. Ƙafar dama yau, ta hagu gobe, Jumma'a duka biyu su huta. Yakan ce ƙashi kamar hawasha yake, wato filin noma, in ka noma shi kullum ba hutu, sai ya ƙi ka. In ya kumbura, ruwan ɗumi da man riɗi, a murza daga idon sawu zuwa gwiwa, ba a komawa ƙasa.

Inda aka sami saɓani shi ne taɓarya. Wani ya gaya masa ana gangara ta a kan ƙwabri. Daga ranar Inna Rabi, matarsa, ba ta sake samun taɓaryarta a inda ta ajiye ba.

"Malam, dawa na turmi tun hantsi."

"Saura gangarawa arba'in."

"To yau ƙwabrin za mu ci?"

"Ki yi haƙuri, ke ma martabarki ce."

"Ni ba a Madani na yi kuka ba."

Ta kai ƙara wurin hakim, malamin asibitin da ke ɗakin shan maganinmu. Hakim ya zo da kansa ya yi masa bayani a natse, cewa gangara taɓarya ba ya ƙara wa ƙashi komai, fata kawai yake kashewa, mutum ya daina jin zafi alhali ciwon na nan. Buhun da hutun, in ji shi, su ne aikin. Kawu ya saurara har ƙarshe, idonsa a kan ƙafar hakim. Sannan ya miƙa wa Inna Rabi taɓaryarta ya ce, "Gaskiya ya faɗa. Amma ki dubi ƙafarsa, ki ga wanda kika ɗauko mini." Bai sake taɓa taɓarya ba, bai kuma sake gaida hakim a tsaye ba.

Daga nan ya koma ayaba. Kun san in an yanke nonon ayaba, sai a sare uwar don 'ya'yan su tashi. Kawu ya je jinainar Alhaji Garba, lambunsa na bakin kogi, ya ce a bar masa wannan aikin. Alhaji ya ji daɗi, ya miƙa masa adda.

"Mi zan yi da ita?"

"Sara mana, Kabtin."

"Alhaji, in na sare da adda, addar ce ta ƙaru ko ni?"

Abin da adda ke gamawa da sara biyu, Kawu yakan kwana uku a kansa. Da hantsi sai ka ji tim, tim, tim daga bakin kogi, mata masu wanki su ce Kabtin ya fito. Wata rana ya kuskure layi, ya kama wata uwa da ba a yanke nononta ba. Ya yi mata shuri bakwai. A na takwas nonon ya tsinke, ya sauko masa a tsakiyar baya, ya kwantar da shi cikin laka. Alhaji ya rugo yana salati. Kawu ya ɗago kai ya ce, "Alhaji, kada ka sare wannan. Ita kaɗai ce ta taɓa ramawa."

Ni nawa rabon wasiƙa ne. Tun da na sauke karatu, duk shekara bayan an kai riɗi gida sai ya kira ni in rubuta wa Babikir. Na ce masa, "Kawu, mutumin nan ba ya jin Hausa, bari in yi da Larabci."

"Halas, a bar zancen, Malam Yusufu. Da Hausa na yi kuka, da Hausa zan rama. Rubuta da ajami."

Maganar ba ta canzawa. Bayan bisimilla sai in rubuta: "Daga Isiyaku zuwa ga Babikir. Allah ya ba ka lafiya, ya ja kwananka, ya tsare maka ƙafafunka biyu daga mota da maciji, har ranar da zan zo in karya ta dama da kaina." In naɗe, a ba direban lorin da ke kai ayaba Madani. Amsa ba ta taɓa zuwa ba, sai dai wani lokaci direba ya dawo da ƙullin dabino ko garin kofi, ya ce in ji Babikir. Kawu yakan juya ƙullin ya ce, "Tsoro ne. Yana neman sulhu." Sannan ya sa a dafa jabana da garin kofin.

Shekarar da yaƙi ya koro mutanen Madani, kowane gida a ƙauyen nan ya cika da baƙi. Wata ranar Talata bayan la'asar, karo, wato amalanken jaki, ya tsaya a ƙofar gidan Kawu. A kai akwai wani dogon tsoho, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi, ciwon sukari ga kuma tafiyar kwanaki. Ya tambaya da Larabci, "Nan ne gidan Isiyaku Bahaushe?"

Kawu, kamar kullum, ƙafa ya fara duba. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗaga kai, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Babikir ne. Ya ciro wata jakar fata daga wuyansa ya buɗe. Wasiƙuna ne, tuli guda, a naɗe, wasu har an ɗinke su cikin fata. Ya ce da ta farko ta zo ya ga bisimilla da sunan Allah da sunansa, sauran kuwa ya karanta haruffan bai fahimta ba, sai ya san laya ce irin ta malamanmu. Ya rataya ɗaya a garejinsa, ɗaya a wuyan 'yarsa. Ya ce, "Mutumin da na ji wa ciwo, yana aiko mini da addu'a duk shekara. Da na rasa inda zan nufa, na ce ba ni da wanda ya fi shi." Sannan ya miƙo mini ɗaya, ya kira ni malam da harshensu. "Ya Faki, yau dai ka gaya mini abin da ke ciki."

Ni ba na ƙarya, Kawu ya sani. Na fara fassarawa a hankali. Allah ya ba ka lafiya. Babikir ya ce amin. Ya ja kwananka. Amin. Ya tsare maka ƙafafunka biyu daga mota da maciji.

Nan Kawu ya yi wani tari da ya tashi kajin Inna Rabi. Ya karɓe takardar daga hannuna ya ce da Hausa, "Nan ta ƙare, Malam. Sauran ƙurar alƙalami ce."

Ya juya baya ya durƙusa, ya goya Babikir har kan angarib ɗinsa. Ya sa aka ɗumama ruwa, ya jawo kwalbar man riɗi. Abin da ya shekara talatin yana yi wa ƙafarsa, shi ya koma yi wa ƙafar Babikir safe da yamma, bayan ya aika an kira hakim ya duba. Ranar Jumma'a ya goya shi zuwa masallaci ya goyo shi gida, mutum mai tsawon ƙofa, ƙafar Kawu ko rawa ba ta yi. Buhun yashi ya zauna a reshe har zanzaro ya yi gida a kansa.

Wata rana na tambaye shi, "Kawu, ƙwabrin fa?" Ya ƙwanƙwasa, ya saurara, ya dubi Babikir da ke gyangyaɗi, ya ce, "Ya nuna. Kada ka gaya masa."

Zazzaɓin kwana huɗu ne ya ɗauke Kawu, da kaka. Ni na yi masa wanka, Babikir na zaune kusa yana miƙo buta. Da muka zo ƙafar dama, Babikir ya sa hannu ya shafa ƙwabrin, ya ɗan ƙwanƙwasa. Sannan ya ce, "Ya salam. Alhamdu lillahi da mutumin nan masoyina ne." Na ce ƙwarai kuwa, kuma ban yi ƙarya ba.

Ya Allah, ga bawanka Isiyaku. Ka karɓi farkon wasiƙunsa, ka shafe ƙarshensu kamar yadda ya shafe da kansa. Ƙafafun da suka ɗauki baƙo zuwa ɗakinka, ka tabbatar da su a kan siraɗi. Ka ba Inna Rabi haƙuri, ka sa mu cika da kyau. Amin.