Konsin Ƙarshe na Shef Alhassan

Har gobe ba zan manta da ranar da Shef Alhassan ya tsaya gaban bangon biron nan, wato ofishinmu, da guntun alli a hannu, ya ja layi ɗaya tun daga sama har ƙasa ba. Kun sha tambayata me ya sa ba na barin kowa ya tashi daga teburin nan sai mai canjinsa ya zo, kuma sai sun miƙe tsaye sun yi magana. Na san har kwaikwayona kuke yi in na ba da baya. To ku gyara zama, yau za ku ji mafarin abin.

Shef Alhassan mutumin Tawa ne. Ya zo Arlit yana saurayi, ya shiga aikin rami, wato haƙar ma'adinai, ya yi ta hawa har aka ba shi mutane a ƙarƙashinsa, daga nan sunan Shef, wato shugaba da faransanci, ya manne masa. Da aka rufe ramin da yake aiki, gari ya rikice. Wasu na neman sayar da gida su koma Maraɗi ko Damagaram, wasu sun bar gidajen ma'aikata suna neman haya. Kowa ya san Shef, kowa ya yarda da shi, sai aka riƙa zuwa ƙofar gidansa ana cewa ya shiga tsakani. Haka ya buɗe wannan biro na dillancin gidaje da filaye. Ni kuwa na zo daga Damagaram neman aikin kamfani ban samu ba, ya ɗauke ni saboda hannuna ya faɗa a faransanci, ni ke rubuta yarjejeniyar haya da ta sayarwa.

Muna cikin haka sanarwa ta zo daga hukuma: duk biron da ke wannan sana'a dole a samu mutum guda a cikinsa mai katin izini, kuma ba a ba da katin sai an zauna jarrabawa a Agadas. Biron da ba shi da mai kati, a rufe. Mu biyu ne kaɗai a nan, don haka muka ba da sunayenmu duka. In ɗayanmu ya ci, biro ya tsira. In muka faɗi gaba ɗaya, shi ke nan, kowa ya kama gabansa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, karatun ba wasa ba ne. Akwai dokar ƙasa da filaye, da bambancin takardar da mai gari ke bayarwa da wadda ma'aikatar magajin gari ke bayarwa, da babbar takardar mallaka da ake kira titir fonsiye. Akwai dokar haya, akwai aikin notar, wato jami'in da ke tabbatar da ciniki a hukumance, sannan akwai babin sayar da gidan gado. Duk wannan a cikin ƙunshin takardu guda ɗaya tak da wani direba ya kawo mana daga Agadas, kaurinsa kamar bulo.

Ni dabarata mai sauƙi ce. Na ce masa mu bari sai jarrabawa ta matso, mu rufe biro mu haɗiye abin gaba ɗaya, haka muka yi a lakkal, wato makarantar boko. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Kai Badamagare, shi ya sa ba ku gama lakkal ɗin ba. Mu cikin rami ba mu haɗiye dutse ba, kaɗan-kaɗan munka ci shi."

A nan ne ya ja layin nan a bango. Gefe ɗaya ya rubuta safe, gefe ɗaya rana. Ya ce za mu yi karatu yadda ake aikin rami, wato posti-posti: wasu su shiga, wasu su fito, aiki bai tsaya ba. Shi zai ɗauki takardu daga buɗe biro zuwa azahar, ni ina kula da masu zuwa da kai mutane ganin gidaje. Bayan azahar mu juya. Na tambaye shi postin dare fa? Ya ce ya yi wa dare bautar da ta ishe shi, duk abin da rana ba ta koya mana ba dare ba zai koya mana ba. Juma'a babu sabon karatu, sai bita. Babi masu wuya ya sa su a farko, ya ce a rami sai an ɗaure rufi ake ci gaba da haƙa.

Amma zuciyar tsarin ita ce abin da yake kira konsin. A rami, wanda zai fita ba ya tafiya sai mai canjinsa ya iso, su tsaya fuska da fuska ya gaya masa abu uku: abin da ya yi, inda ya tsaya, da inda haɗari yake. Haka muka riƙa yi kullum bayan sallar azahar, a tsaye, ba duba takarda. Sai ka faɗi abin da ka karanta da bakinka, da Hausa, yadda tsohuwar da ta zo sayar da kangonta za ta gane. Faransancin Shef na rami ne, yana kiran kalmomin doka kamar yana ba injin umarni, ni kuwa in yi ta dariya. Wata rana zafi ya kashe mini jiki, da ya ce in ba da konsin na ce babu wani haɗari a babin da na karanta. Fuskarsa ta canza nan take.

"Kada in ƙara jin wagga magana. Wanda ya ce ba komi, shi ka kashe mai canjinai. Koma ka nemo haɗarin."

Na koma, na kuwa same shi: ashe mai haya yana da wa'adin da dole a ba shi kafin a tashe shi, ko da an sayar da gidan.

Tari ya daɗe da shi, mun saba ji har ba ma lura. Amma da muka kai rabin ƙunshin nan, tarin ya sauya murya. Ya fara tsayawa tsakiyar konsin ya dafa bango. Ya je asibiti, ya dawo da magunguna cikin leda, bai ce mini komai ba, ni ma ban iya tambaya ba. Daga baya ya daina zuwa biro. Na zaci tsari ya rushe, ashe ban san mutumin ba. Ya aiko a ce mini postinsa yana nan, wurin ne kawai ya sauya. Sai na riƙa hawa kabu-kabu bayan azahar in je gidansa, in same shi a rumfar tsakar gida, matarsa Inna Hadiza ta kama shi ya miƙe, don ya ce konsin a zaune ba konsin ba ne.

A lokacin ne ya sa na goge allin bango na sake tsari. Duk babin da ya rage ya tura su postina, ya bar wa kansa guda ɗaya, na gidan gado. Raina ya ɓaci, na ce Shef wannan ai zalunci ne, kai babi ɗaya ni sauran duka. Ya yi murmushi ya ce, "To wa ne ne shef, ni ko kai?" Sai a kan hanyar komawa na gane abin da yake nufi: ya san ba zai kai ranar jarrabawa ba. Na sa mai babur ya tsaya, na sauka na yi kuka a bakin titi kamar yaro.

Ana saura kaɗan a tafi Agadas, aiki ya kai ni Dannet neman sa hannun wani makiyayi da ke da fili a gari. Na ce zan dawo kafin azahar. Mota ta lalace mana a daji, ban shigo Arlit ba sai washegari da hantsi. Ko biro ban biya ba na wuce gidansa. Inna Hadiza ta tare ni a ƙofa, idonta ya kumbura.

"Sanusi, tun jiya ya daina cin komai. Ya farka ya ce mai canjina ya zo? Mu ce a'a, ya koma. Shiga, kai yake jira."

Wannan karon bai iya miƙewa ba. Ya sa aka jingina shi da bango, na durƙusa kusa da bakinsa.

"Ka yi latti, Badamagare."

"Mota ce, Shef."

"To karɓi konsin. Na karance babin gado, na kai ƙarshe. Haɗari shina wuri guda. Gidan mamaci ba a taɓa shi sai magada duka sun sa hannu. Duka hwa. Mata, ɗiya mata, wadda ta yi aure nesa, wadda ba ta iya magana gaban maza. Za a ce ma ka yi sauri, kada ka yi." Ya huta, ya daɗe yana neman numfashi. "Posti naka na."

Na ce na karɓa. Bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Na tafi Agadas ni kaɗai. A ɗakin jarrabawa mai kula ya kira sunan Shef, ya sake kira, yana duban kujerar da ke gefena. Na miƙe na ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ja layi a kan sunan, ya kira na gaba. Ban san yadda na rubuta abin da na rubuta ba. Abin da na sani, kowace tambaya na karanta sai in ji amsarta da muryar Shef, Ba'adaren Tawa. Sakamako ya fito na ci, aka ba ni kati, biro bai rufe ba.

Aikin farko da na yi da katin nan, gidan Shef ne. Inna Hadiza ta gama takaba za ta koma Tawa. Ƙanen Shef ya zo da mai saye a hannu, yana so a gama kafin motar Asabar. Na ce saura sa hannun babbar 'yarsa da ke aure a Anu Araren. Ya ce ai mace ce, kuma ba za ta ƙi ba, in bari ya sa mata. Na ce ko ba za ta ƙi ba sai na ji daga bakinta. Ya yi fushi ya ce yaushe na zama ɗan gida. Na hau mota na je na same ta, na karanta mata komai da Hausa, ta sa hannu tana hawaye. Sannan muka je gaban notar.

Ranar da na rufe wannan aiki, na dawo biro na yi azahar, na miƙe tsaye gaban bango yadda muka saba. Ga konsin cike da bakina: abin da na yi, inda na tsaya, inda haɗari yake. Babu wanda zan ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a ba gida muke riƙewa ba, amanar mutanen da ba sa wurin muke riƙewa: wanda ya tafi, wanda ya mutu, da wadda ba a kira ba. Mutanen garin nan kuwa rami ya koya musu cewa ran wani yana rataye da abin da ka gaya masa kafin ka tafi. Ni ban taɓa shiga rami ba, amma a hannun ɗan rami na karɓi aiki, kuma har yanzu ban sauka ba.

An kira azahar. In mun idar, mai postin safe ya miƙe tsaye ya ba ni konsin, kuma kada wanda ya ce mini ba komai.