Norbert Kujawa da Kwalabe Takwas na Rufin Gidansa

Haihuwa da Karatu

An haifi Norbert Kujawa ranar 9 ga Maris, 1914, a garin Elmrud na jihar Wisconsin, ƙasar Amurka. Mahaifinsa, Kazimir Kujawa, mai fasa dutse ne, mahaifiyarsa kuwa, Rozalia, tana wanki a gidan limaman coci. Shi ne na biyar cikin 'ya'ya bakwai. Ya shiga makarantar coci a 1920, ya fita a 1928 daga aji takwas, kuma abin da malamansa suka rubuta a kansa shi ne yana da natsuwa, sai dai idan ana ruwan sama hankalinsa yana kan gilashin taga.

Aiki

A 1930 ya bi mahaifinsa ramin dutse, inda ƙarar nakiya ta kashe masa kunnen hagu, dalilin da ya sa ba a ɗauke shi soja ba daga baya. A 1934 aka mayar da shi masana'antar garin, wadda ke yin fallayen rufi: takarda mai kauri ake tsomawa cikin kwalta, a barbaɗa mata niƙaƙƙiyar tsakuwa a sama domin ta kare kwaltar daga rana. Kafin barbaɗawa akan shafe tsakuwar da wani mai wanda ke korar ruwa, saboda idan ruwa ya shiga ƙarƙashinta ya daskare da sanyi, sai ya ɓamɓare ta, rufi ya yi sanƙo.

Aikin Norbert shi ne ya tara tsakuwa a faranti, ya ɗiga mata ɗigon ruwa ɗaya, ya riƙe agogo har ɗigon ya nutse. Shekara arba'in da biyu ya yi yana wannan. An ce ya taɓa zama sa'a biyu da minti shida a gaban ɗigo ɗaya, abincin ranarsa na huce a gefe, kuma da ɗigon ya nutse ya cire masa hula.

Aure da Iyali

Ranar 18 ga Yuni, 1938, ya auri Verna Radtke, 'yar masu kiwon shanun madara. Sun haifi 'ya'ya huɗu tsakanin 1939 da 1949. A 1946 suka gina gida a Titin Chestnut, ƙofarsa na kallon arewa. Ƙanin Verna, Elmer, wanda ya gaji gonar, shi ya laƙaba masa suna Farfesa, kuma bai kira shi da wani suna ba har abada.

Gwaji na Farko

A 1951, bayan jarrabe-jarrabe masu yawa a ɗakin ƙasa na gidansa, Norbert ya haɗa wani shafe daga man injin, kakin zuma da wani sinadarin sabulu, wanda ɗigo ke yini a kansa yana rawa. Masanan masana'anta suka duba, suka yaba, suka ce korar ruwa a faranti daban, riƙe tsakuwa shekara ashirin a bisa rufi daban. Duk da haka suka ba shi inji ranar wata Asabar ya buga fallaye da haɗinsa.

A Oktoban 1953 ya sake rufin gidansa: ɓangaren arewa da nasa fallayen, domin masu wucewa a titi su ga yadda ruwa ke gangarowa, ɓangaren kudu da fallayen kasuwa. Kowace shekara, ranar ɗaya ga Oktoba, sai ya hau tsani ya share tsakuwar da ta zubo cikin indararo, ya wanke ta, ya busar a tandun Verna cikin kwanon burodinta, ya auna, ya rubuta. Muradinsa ɗaya ne: ya san ko haɗin nan yana aiki da gaske.

A Oktoban 1973 shekara ashirin suka cika, lissafi ya nuna ɓangarensa ya zubar da rabin abin da ɓangaren kasuwa ya zubar. Ya gayyaci dangi da maƙwabta, aka gasa tsiren alade a bayan gida. Yana tsakiyar karanta alƙaluman sai Elmer ya ɗaga kai daga farantinsa.

"Farfesa, naka a arewa yake, ko?"

Norbert ya juyo da kunnensa mai ji ya ce ƙwarai.

"To ai rufin garken shanuna ma kudu ne ke fara lalacewa, kuma ban shafa masa komai ba. Rana ce. Tambayi saniya ta gaya maka."

Waɗanda suka halarta sun shaida cewa an yi dariya. Abu ne da Norbert ya sani sarai a wurin aiki, inda ake jera dukan fallayen gwaji suna kallon kudu, ɓangaren da rana ta fi duka a can, amma bai taɓa kawo shi a ransa game da gidansa ba. Ya ninke takardar ya sa a aljihu, ya ce wa Elmer da ya faɗi haka tun 1953 da ya kyauta. Elmer ya ce shi ba a tambaye shi ba, tsani kawai aka ce ya riƙe.

Gwaji na Biyu

A bazarar 1974, yana da shekara sittin, ya roƙi inji karo na biyu. Ya raba ɓangaren kudu kaɗai gida takwas, daga tsororuwa zuwa baki: layi na ɗaya nasa, na biyu na kasuwa, haka bi da bi. Ya yanka indararon gida takwas shi ma, kowane da bututunsa da bokitinsa, har gidan ya zama abin kwatance ga baƙi. Verna ta amince bisa sharaɗin ya sayi nasa kwanon burodi.

Wannan karon ya ɗauki wani alkawari mai ban mamaki: ba zai auna komai ba sai shekara ashirin sun cika. Ya samo manyan kwalabe takwas, ya shafe su da baƙin fenti, yana zuba tsakuwar kowane layi a kwalbarta da mazurari, domin kada sanin wanda ke gaba ya sa hannunsa ya yi son kai wurin shara. Ko ɗaga su ba ya yi, don kada nauyi ya tona asiri.

Ya yi ritaya a 1976. A 1982 masana'antar ta koma yin fallaye da zaren gilashi maimakon takarda, a 1986 kuma ta rufe baki ɗaya, wato babu sauran wanda zai amfana da sakamakon. Da aka nuna masa haka, ya ce ba don su yake yi ba. Verna ta rasu a Janairun 1988. Daga 1990 'yarsa Arlene ce ke hawa tsanin, shi yana ƙasa yana yi mata ihun kada ta haɗa tsintsiyar wannan layi da ta wancan.

Ƙarshen Rayuwa

A Nuwamban 1993, da sauran wata goma sha ɗaya wa'adi ya cika, likita ya shaida wa iyalinsa cewa ciwon hantarsa ba zai bar shi ya ga bazara ba. Arlene ta nemi a buɗe kwalaben. Ya ƙi, ya ce sha tara ba ashirin ba ce. Elmer, wanda a lokacin da sanda yake tafiya, ya zo ya zauna a gefen kunnen dama.

"Farfesa, ka taɓa jira shekara ashirin cif, me ka samu? Buɗe abin nan. Ni ma ina so in gani kafin in bi ka."

Ranar 4 ga Disamba, da hantsi, aka jera kwalaben a kan teburin cin abinci, aka gyara masa zama da matasai. Arlene na aunawa, Elmer na rubutawa. Bakwai daga cikinsu, nasa da na kasuwa, suka fito kusan daidai, bambancin bai kai cikin cokalin miya ba. Ya sa aka sake aunawa, aka sami haka. Ya ce, to, ashe haɗin ba ya yin komai, kuma madalla da ya sani.

Kwalba ta shida kuwa, wadda layinta na kasuwa ne, ba ta kai rabin sauran ba. Nan ya miƙe zaune da kansa. Ya tambayi ko Arlene ta taɓa tsallake layin, ta rantse ba ta taɓa ba. Ya sa aka fita waje aka duba ko inuwar bututun hayaƙi ce, aka ga ba ta kaiwa can. Ya sha miya kwano biyu a ranar, abin da ya yi wata guda bai yi ba, kuma kwana goma sha biyun da suka rage masa ya cinye su yana tambayar duk mai zuwa dubiya ra'ayinsa a kan layi na shida, har limamin da ya zo yi masa addu'ar ƙarshe. Mai wannan rubutu, wanda ya yi maƙwabtaka da shi shekara talatin da ɗaya, yana zargin tattabaru, amma ba shi da hujja.

Rasuwa

Norbert Kujawa ya rasu ranar 16 ga Disamba, 1993, yana da shekara saba'in da tara. Saboda ƙasa ta daskare, an ajiye gawarsa a ɗakin maƙabartar coci har 11 ga Afrilu, 1994, aka binne shi kusa da matarsa. Ya bar 'ya'ya huɗu: Dolores, malamar jinya a Milwaukee, Roman, direban babbar mota, Gerald, mai gyaran agogo a Duluth, da Arlene, wadda ta gaji gidan. A wasiyyarsa ya bar mata layi na shida, da umarnin kada a taɓa shi. Ta sake rufin a 1996, ban da wannan layi, kuma har yau bai yi yoyo ba.