Kofin Baba da Tirelar Kawu

Duk abin da tsufa zai kwashe daga kaina, ba na jin zai iya kwashe safiyar da tirelar kawuna ta tsaya a bakin layinmu a Agege. A shekarar da Najeriya ta cika arba'in da samun 'yancin kai ne, ba a daɗe da sojoji suka koma bariki ba. Har yau in na ji tirela ta taka birki, sai ranar ta dawo mini sabuwa.

Sai na fara da Babanmu, don in ba a san halinsa ba, ba za a gane labarin ba. A Agege aka haife shi, a nan kuma aka binne mahaifinsa, wanda fataucin goro ya kawo shi Ikko. Sana'ar Baba sayen fatu a kwata, amma abin da unguwa ta san shi da shi daban ne. Kullum bayan sallar asuba zai fito da benci ƙofar gida, a zuba masa shayi a wani ɗan kofin roba da ya koɗe, ya yi gyaran murya ya ce, "A rana irin ta yau..." Daga nan sai tarihi. Yau ranar da aka gama yaƙin basasa, gobe ranar da motoci suka koma bin hannun dama, jibi ranar da ruwa ya cinye gadar bayan kasuwa. In ranar ba ta da labari, sai ya aro na maƙwabciyarta. Mu 'ya'yansa Gidan Rediyo muke kiransa a ɓoye, rediyon da ba a iya kashewa. Yana gamawa zai ce, "Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya," kuma dole kowa ya amsa.

Kofin nan kuwa ba wanda ya isa ya taɓa. A makarantar firamare aka raba musu ranar 'yancin kai, kowane yaro da kofi da 'yar tuta. Innarmu ta taɓa auna gishiri da shi, Baba ya yini bai kula ta ba.

A da, benci na mutum biyu ne. Akwai wani Bayarabe, gidansa yana kallon namu, muna kiransa Baba Tela saboda sana'arsa. Ajinsu ɗaya da Baba tun suna yara, Hausa a bakinsa kamar Yarbanci a bakin Baba. Aikinsa a bencin nan guda ɗaya ne: musu. Baba bai taɓa faɗin abu ya ce haka ne ba. Sai da aka soke zaɓen nan na zamanin soja suka ɓata. Cikin zafin magana Baba Tela ya ce, "Ai ku 'yan Arewa ne kuka cuce mu." Baba ya ce, "Ni? Ni da aka binne cibiyata a bayan gidanku?" Tun daga ranar Baba Tela bai sake zama bencin ba. Shekaru suka wuce, gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga hannu a masallaci, ga su da taurin kai iri ɗaya.

Da mulkin farar hula ya dawo, bakin mutane ya buɗe, hannun wasu ma ya buɗe. Aka riƙa samun rikici nan da can a kasuwannin Ikko tsakanin mutanenmu da matasan gari. Mu ba a taɓa layinmu ba, amma kullum da labarin da zai hana ka cin abinci. Ni a lokacin ina gida wankan jegon ɗana na fari, ko ganye ya motsa sai gabana ya faɗi. Inna kuwa 'yar Kano ce, aure ya kawo ta, danginta sai aike suke yi cewa ta taho. Ƙaninta, Kawu, direban tirela ne a Apapa, tashar jiragen ruwan Ikko. Shi ya ce ranar hutun 'yancin kai motarsa ba ta da lodi, hanya kuma ba cunkoso, zai zo ya kwashe mu.

Baba ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ni Kano a baƙo na san ta."

Inna ba ta yi musu ba. Dabararta ita ce a kwashe komai, in ya ga gida wayam, babu ko tabarma, zai shiga mota da ƙafarsa. Ni ma ina bayanta ɗari bisa ɗari. A ganina tarihi ba ya tare adda.

Ranar, ana sallame asuba Kawu ya iso da wasu abokansa direbobi. Kafin rana ta fito sosai an loda kaya, an rufe da tamfol an ɗaure tamau saboda hadari. Abin da ba wanda ya yi tunani a cikinmu shi ne yadda abin zai kasance a idon wanda ya tashi barci yanzu. Ga tirela daga Apapa ta toshe layi, a rufe ruf, ga ƙarti 'yan Arewa da ba a san fuskarsu ba suna zagaye da ita. Kuma ranar hutu ce, duk matasa suna gida. Direbobin danfo, ƙananan bas ɗin haya, suka fara danna oda, mutane suka fara leƙowa. Kafin ka ce me, magana ta zaga cewa an kawo makamai daga Arewa.

Daga tagar zaure nake kallo. Na ga sanduna, na ga adduna, na ga wani saurayi da galan na fetur. Suka kewaye motar suna dukan jikinta, suna cewa a buɗe. Da Kawu ya buɗe a lokacin, da magana ta ƙare. Amma Kawu mutum ne mai zuciya, ba ya jin Yarbanci, kuma a wajensa abin kunya ne a baje kayan ɗakin yayarsa a titi maza suna kallo.

"Kayan mata ne!" yake ta faɗa da Hausa. "Wallahi ba mai buɗe wannan tamfol sai bayan raina!"

Su kuma ba abin da suka gani sai mutum ya kafe ya hana a duba. Mai galan ya fara kwance murfi. Inna ta rungume jaririna tana salati. Na tabbata a raina za a ƙone motar nan da Kawu a jikinta, in kuma wuta ta tashi, ba gidan Bahaushe da zai kwana a layin.

Sai na ji ana jan benci. Bencin nan kaɗai Baba ya hana a loda, shi da kofinsa. Ya jawo shi har tsakiyar titi, ya ajiye tsakanin motar da taron, ya zauna ya gyara babbar rigarsa. Ya juyo ya kalli taga.

"Ke, ina shayina?"

Na ce, "Baba, don girman Allah..."

"Shayina na ce."

Mai jego ba ta fita, amma ranar na fita. Rabin shayin a titi na zubar kafin in isa wurinsa. Ya karɓa, ya kurɓa, ya yi gyaran muryar nan tasa, sannan ya ɗaga murya da Yarbanci tsantsa, irin na tsofaffin gari.

"A rana irin ta yau, aka jera mu a filin makarantar can ta bayan titin jirgi. An wanke mana kaya, an shafa mana mai har muna ƙyalli. Aka ce daga yau ƙasar nan tamu ce. Aka ba mu shinkafa da nama, aka ba kowa tuta, aka ba kowa irin wannan kofi."

Wani ya daka tsawa, "Baba, tashi daga hanya!"

Ko kallonsa bai yi ba. "Da aka zo maci, ni aka ba babbar tuta na riƙe a gaba, don na fi kowa tsawo a ajin."

"Ƙarya ne!"

Muryar daga bayan taron ta fito. Mutane suka dare, sai ga Baba Tela, da zani ɗaure a wuya, asuwaki a baki. A hannunsa akwai ɗan kofin roba, irin na Baba sak, har koɗewar. Ni da aka haifa a layin ban taɓa sanin yana da shi ba.

"Ƙarya kake, Dogo," ya ce wa Baba. "Ni na riƙe tuta. Kai ganga aka ba ka, ka fasa ta."

"A fashe na same ta."

"Ka fasa ta! Har hedimasta ya ja maka kunne."

"Kai da ka yi kuka don an ba ka ƙashi ba tsoka?"

Wani ya tuntsire da dariya a cikin taron, wasu suka bi shi. Baba Tela ya zo ya tsaya kan Baba ya ce, "Matsa." Baba ya matsa. Ya zauna, ya miƙa kofinsa ba tare da ya dube shi ba, Baba ya juye masa rabin ɗan shayin da ya rage.

Sai da Baba Tela ya shanye, sannan ya juya wajen zaurenmu ya ce da Hausa, "Uwargida, a yi haƙuri. Na ga lodin nan tun asuba ta tagata, na san abin da ke ciki. Amma yaran nan ba su sani ba. A ba mu izini a buɗe."

Inna ta leƙo ta ce wa Kawu, "Buɗe musu."

Kawu ya kwance igiya yana huci, ya yaye tamfol. Ga katifu, ga tukwane, ga turmi da taɓarya, ga kwanukan jeren Inna a naɗe cikin zannuwa, ga ƙatuwar tukunyar da ake dafa mini ruwan wanka, ga bahon jariri a sama.

Baba Tela ya miƙe. "To, ga makaman," ya ce da Yarbanci. "Ku duba da kyau. Gudu suke yi, kuma ku suke gudu. Wannan matar, wane ne a cikinku bai ci ƙosanta ba a hanyar makaranta? Wannan mutumin, ubansa ne ya ɗauki makarar ubana. Ni na taɓa ce masa baƙo, na yi shekaru ina shan shayina ni kaɗai kamar maye. In shi baƙo ne a Agege, to ni ma ku nemo mini mota." Ya nuna mai galan da asuwakinsa. "Kai, ajiye wannan. Hau ka sauko da turmin can. Duk abin da ya fito daga gidan nan, ku mayar da shi inda yake."

Wallahi da idona na gani. Wanda ya zo ƙona mota shi ya shiga gidanmu da turmi a ka. Aka jingine sanduna a bango, aka yi layi ana miƙa kaya. Matan layi suka fito suna taya mu, suna yi wa Inna faɗa wai za ta tafi ko sallama babu. Inna kuwa, wadda ɗazu take salati, ta ɗaure zani tana ba da umarni: "Ba nan ba, can! A hankali da kwanukan nan, sun girme ka!" Ba ta sake zancen Kano ba. Kawu ya ja motarsa ba komai a ciki, yana mitar man da ya ƙona a banza, amma ya tsaya ya gaisa da Baba Tela hannu biyu kafin ya tafi.

Da aka gama, Baba ya ce ai bai rufe tarihin yau ba. Ya ɗaga kofinsa ya ce, "Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya." Ban taɓa jin amin mai ƙarfin ta ranar ba. Ni da nake amsawa da gunaguni tun ina yarinya, ranar da hawaye na amsa, ina jin alfahari da wannan tsoho mai taurin kai har ƙirjina ya cika.

Ba zan ce rikici ya ƙare a Ikko daga ranar ba. An sake ganin munanan ranaku, wasu sun tafi ba su dawo ba. Amma mu mun zauna, kuma washegari da asuba benci ya koma na mutum biyu. Musu ya ci gaba har Allah ya karɓi ransu, ɗaya bayan ɗaya. Kofin Baba yana wurina, na Baba Tela yana wurin 'yarsa, kuma har yau ni da ita ba mu daidaita a kan wanda ya riƙe tutar ba.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, da ina ɗaukan tarihin Baba surutun tsofaffi, kishin ƙasarsa kuma waƙar rediyo. Ashe kullum da safe yana tuna wa kansa da mu cewa nan ɗin namu ne, don ranar da wani zai ce ba namu ba ne. Mutumin da ya san abin da ya haɗa shi da maƙwabcinsa ba a korarsa cikin sauƙi, kuma shi ma ba ya korar kowa. Shi ya sa yanzu, in jikokina sun ga na ɗauko kofin nan na yi gyaran murya, suna ƙyafta wa juna ido suna ce mini Gidan Rediyo, ba na jin haushi ko kaɗan. Sai dai in ce su matso kusa.